Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar NCAA Kan Warin Da Aka Feshe Da Turare A Cikin Jirgi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne a Wuse, nan Abuja, kuma da wuya wata ya ƙare ban hau jirgi zuwa Legas ko Kano ba. Wani abu da na gani da idona ne ya sa na rubuto maka, tunda hukumarka ce ke sa ido kan kamfanonin jiragen sama a ƙasar nan.

Mun baro Legas da yamma. Jirgi ya daidaita a sama ke nan sai wani wari ya fara tasowa, kamar na safar da ta kwana cikin takalmi, haɗe da ɗan ƙauri. Wata dattijuwa da ke gefena ce ta fara ji. Ta taɓa ni ta ce, "Ɗan nan, ba ka jin kamar wani abu na ƙonewa?" Muka danna ƙararrawa, ma'aikaciyar jirgi ta zo. Ba ta jin Hausa, ni na yi tafinta. Ta yi murmushi, ta ce wataƙila kayan wani fasinja ne, ta ɗauko gwangwanin turare ta fesa, ta wuce. Ban ga ta buɗe ma'ajiyar kaya ko ɗaya ba, ban ga ta ɗaga waya ta sanar da matuƙi ba. Hajiya ta toshe hanci da mayafi tana salati har muka sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Ni kuma da ciwon kai na kwana.

Ba na cewa mugunta ta yi. Mutanenmu kan shiga jirgi da daddawa da kilishi da busasshen kifi, wanda kuma ya saba da wannan zai ɗauka kowane wari daga jaka ya fito. To nan fa haɗarin yake. A yawancin jirage, in ban da irin Boeing 787, iskar da fasinja ke shaƙa daga injin ake janyo ta, a sanyaya ta, a turo ta ciki. Idan baƙin mai ya yi yoyo ya haɗu da wannan iska mai zafi, warin da ke fitowa shi ne wanda masu aikin jirgi ke kwatantawa da na safa mai datti, kuma yana jawo jiri da tashin zuciya, har ga matuƙi. Ƙaurin roba kuwa yakan nuna wayar lantarki ce ke cin wuta a bayan bango, inda ido ba ya kaiwa.

Ranar 2 ga Satumba 1998, matuƙan jirgin Swissair da ya taso daga New York zuwa Geneva sun ji wani wari, suka zaci daga na'urar sanyaya iska ne. Ashe wuta ce a saman silin. Cikin kimanin minti 21 jirgin ya faɗa teku a gaɓar Kanada, mutum 229 suka rasu. Mu ma a Arewa mun san ɗacin wuta a sama: alhazanmu da suka taso daga Jidda zuwa Sakkwato ranar 11 ga Yuli 1991, taya ta kama da wuta, aka rasa rai 261, Allah Ya jiƙansu.

Abin da ake koya wa ma'aikacin jirgi a fili yake. Da ya ji warin da bai san asalinsa ba, ya sanar da matuƙi nan take, da inda yake fitowa da irin kamanninsa. Ya kashe wutar kicin, ya leƙa banɗaki, ya shafa bango da murfin ma'ajiyar kaya da bayan hannu ko zai ji zafi, ya janye mutane daga wurin, abin kashe gobara da hular hayaƙi suna kusa da shi. Matuƙa kuma su sa abin shaƙar iska, su bi jerin matakan da aka rubuta musu, idan asalin warin ya ƙi bayyana su nemi filin jirgi mafi kusa. Babu inda aka ce a fesa turare. Fesawar ma ɓatar da sawu take yi, domin hanci ne kan fara kama abin da na'ura ba ta riga ta gani ba.

Na san dokokin nan suna rubuce a ofishinka, kuma hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da jagora kan horo da kai rahoton irin wannan lamari tun 2015. Roƙona shi ne masu bincikenku su riƙa shiga jirgi kamar kowane fasinja su ga yadda ake aiki da su. A tilasta rubuta duk wani baƙon wari a littafin jirgi, injiniya ya duba kafin a sake ɗibar mutane. Matuƙin da ya juya ko ya sauka a wani gari saboda wari kuma, hukuma ta tsaya masa, kada kamfani ya tuhume shi da asarar mai.

Sai maganar harshe, wadda ta fi damuna. Da ba na kusa, da wa Hajiyar nan za ta faɗa wa? Jiragen da ke zuwa Kano da Sakkwato da Yola, balle na alhazai, cike suke da dattawan da ba sa jin Turanci. A ƙara jimla biyu cikin sanarwar tashi, da Hausa da Yarbanci da Ibo: wanda ya ji ƙauri ya faɗa, wanda wayarsa ko fawa bank ɗinsa ya yi zafi ya faɗa. Batirin nan ba wasa ba ne. A Janairun 2025 jirgin Air Busan ya ƙone a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, bincike kuma ya karkata ga fawa bank da ke ma'ajiyar kaya ta sama.

Tikitin tafiyar nan yana nan na adana, da rana da lambar kujera. Idan ofishinka na son duba littafin wannan jirgi ya ga ko an rubuta abin da muka ji, a shirye nake in kawo shi da kaina.

Naka,
Wani fasinja daga Wuse, Abuja.