Ƙanena Ya Dangwala Hannu A Takardar Da Bai San Abin Da Ke Cikinta Ba

Assalamu alaikum Barista. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri kan wayar mana da kai da kake yi.

Ƙanena ɗan adaidaita sahu ne a nan Kano. Wani fasinja ya ɗauke shi shata da kwalaye biyu, ya ce magani ne zai kai wa mai kemis. Suna isa shingen bincike sai mutumin ya ce bari ya sayo kati, ya sulale. Da aka farke kwalayen, ashe tramadol ce maƙil. Aka tafi da yaro har da babur ɗin, wanda ma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum.

Ya haura mako a tsare, ba a kai shi gaban alƙali ba. Ni kuwa na san sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce awa 24 ne idan akwai kotu cikin kilomita 40. Ga Babbar Kotun Tarayya a cikin gari, ita ce kuma ke sauraron shari'ar ƙwaya. To me ake jira?

Abin da ya hana ni barci shi ne takardar bayani. Da na kai masa abinci, shuɗin tawada na nan a babban yatsansa. Ya ce da Turanci aka rubuta, aka ce ya dangwala zai tafi gida. Yaron nan a firamare ya tsaya, babu lauya a wurin, babu wanda ya fassara masa. Shin wannan takarda za ta iya zama iƙirari a kansa? Kuma tunda dokar NDLEA, wato hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta ɗora hukuncin shekara 15 zuwa 25 kan wanda ya mallaki ƙwaya da saninsa, wa zai tabbatar da sanin, su ko shi?

Wallahi ba kare masu sayar da ƙwaya nake yi ba, na ga matasan da ta haukata a layinmu. Amma wannan yaro ko sigari ba ya sha.

Yanzu wani ɗan tsakani ya ce a haɗa kuɗi ya fito da shi, har Inna na shirin sayar da tumakinta. Na ce ta dakata. Mu nemi beli a kotu ne, ko mu fara zuwa hukumar ba da lauya kyauta? Don Allah a taimaka mana da amsa a shirin wannan makon.

Wassalam,
Mai sauraronka daga Kano