Tarkacen yuraniyom na Arlit da ƙarafan da ke tsallako iyaka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR, kamfanin haƙar yuraniyom, daga hannun kamfanin Orano na Faransa a watan Yunin 2025, hirar da ake yi a majalisun Kano ba ta wuce wa ya ci riba, wa ya yi asara ba. Muna roƙon fili mu ja hankali ga abin da aka bari a ƙasa a Arlit da Akokan, garuruwan haƙar yuraniyom a arewacin Nijar, domin shi ne zai daɗe bayan duk masu jayayyar sun shuɗe.

Ga yadda aikin yake. Ana fasa dutse, a niƙe shi ya yi laushi, a jiƙa shi da asid ɗin salfa, irin na ruwan batir, ya narkar da yuraniyom ɗin. Sai a tace ruwan, a busar, a samu rawayan gari da ake durawa a ganguna. Tan guda na dutsen yankin kilo 2 zuwa 4 kacal yake bayarwa. Sauran duk dusa ce, kamar ta surfe, sai dai wannan dusar ita ke riƙe da kusan kashi 85 cikin 100 na radiyeshon ɗin dutsen, wato tiririn da ba a gani mai cutar da jiki, saboda asid ɗin ba ya kwashe sinadaran radiyom da toriyom. Radiyom sai ya yi shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, kuma kullum yana fitar da iskar radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma haddasa sankarar huhu.

SOMAIR ya fara haƙa a 1971 a buɗaɗɗen rami. COMINAK, ɗaya kamfanin haƙar da ke Akokan, ya fara a 1978, yana aiki kimanin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021. Shi kaɗai ya bar tsibin tarkace wajen tan miliyan 20, a kusa da gari. Tsarin da aka yi shi ne a lulluɓe tsibin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2. Dabarar daidai take, tunda radon rabinsa kan mutu cikin kwana huɗu, in yumɓu ya riƙe shi ba zai kai sarari da ƙarfinsa ba. Amma yumɓu na tsagewa in ya bushe, iskar hamada na zaizaye shi, ta ƙasa kuma tsatsar asid na iya gangarawa cikin ruwan da mutane ke sha, ruwan da ya taru tun dubban shekaru, ba damina ke sabunta shi ba. Ke nan sai an samu mai aunawa da gyarawa shekara da shekaru. Da rikicin mallaka ya shigo, wa zai biya wannan kuɗin? Wannan ce tambayar da ya kamata 'yan jaridarmu su riƙa yi wa ɓangarorin biyu.

Masu kokawa kan wannan gurɓata ba daga waje kaɗai suka zo ba. Ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen Arlit ce, ita ta gayyato masu binciken CRIIRAD, ƙungiyar auna radiyeshon daga Faransa, a 2003, ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace kuma ta je a 2009. Sun samu gurɓatattun ƙarafan ma'adinai ana sayarwa a kasuwa, an kuma yi cikon titi da duwatsun da aka zubar daga ramin.

Nan ne abin ya shafe mu. Tsofaffin ƙarafa na yawo tsakanin Nijar da Arewa, kuma 'yan gwangwan ɗinmu da masu saye a Ƙofar Ruwa ba su da hanyar gane gurɓatacce da ido. Haɗarin ya fi yawa a bututu, famfo da tankin da ruwan asid ya bi, domin radiyom na manne wa a cikinsu kamar tsatsa. Wanki da ruwa ba ya fitar da shi. In aka yanka da wuta ko aka goge da inji, ƙurar ce ke shiga huhun yaron shago. Kada a yi tukunya, randar ruwa ko rufin ɗaki da ƙarfen da ba a san asalinsa ba.

Masu ganin arzikin yuraniyom zai kawo wa Nijar lantarkin nukiliya gobe, su sani kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na ɗanyensa ke ƙonuwa a tashar lantarki, sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, kuma ba a yin wannan a Nijar. Su kansu wuraren haƙar da wutar kwal ta kamfanin SONICHAR na Nijar suke aiki.

Roƙonmu ga hukumar NNRA mai kula da radiyeshon a Najeriya da jami'an kwastan: a ajiye na'urar aunawa ta hannu a iyakokin Jibiya, Kongolam da Maigatari, a riƙa bin jikin kowace motar ƙarafa a hankali, a kuma koya wa shugabannin 'yan gwangwan na Kano amfani da ita da inda za su kai rahoto in ta yi ƙara.

Wassalam.

Wasu malaman kimiyya,
Birnin Kano.