Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta Fantasi na shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga rahoton shekara na gasarmu ta Fantasi, wato wasan da kowa ke haɗa tim daga 'yan wasan Firimiyar Ingila yana tara maki gwargwadon ƙoƙarinsu a fili, kamar yadda aka saba, don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara turo sitika a guruf.

Tarukan wata-wata an yi su, wanda ya zo ya san abin da aka tattauna.

Zan fara da kuɗin wata tunda shi ne ya fi cin raina. Mu 12 ne a gasar nan amma waɗanda suka biya nasu cif ba tare da an bi su ba ko rabi ba su kai ba, wani ka kira shi ya ce wallahi yanzu zai tura, wani ya ce netwok ɗin banki ne, amma kuma shi ne za ka gani da ƙarfe 1 na dare yana ta musu a guruf kan fenariti, data dai ba ta ƙare masa ba. Masu tambayar ina kofin da aka yi alkawari, amsar ke nan. Mun je mun taya, mai shago ya faɗi farashi, kafin kuɗin su taru farashin ya tashi, kuma ba zan sake saka kuɗin aljihuna ba. Haka maganar buga jesi, shugaba ya ce a dakata kuma na goyi bayansa, ba za mu ci bashin tela saboda ado ba. Kundin dokoki kuwa an gama rubuta shi yana nan a wayata, bugawa ce kawai ta rage.

Abin da za mu yi alfahari da shi a bana shi ne mun kashe rigimar jerin zaɓen 'yan wasa, wadda ta kusa wargaza mu. Kun san tsarin diraf da muke bi, wato ɗaukar 'yan wasa bi da bi, ba kamar Fantasi na gama-gari ba ne, babu kasafin kuɗi babu kyaftin, ɗan wasa in mutum ɗaya ya ɗauka to ya zama nasa shi kaɗai. A kakar 2024/25 Salah ya ci ƙwallo 29 ya taimaka aka ci 18, ya tara maki 344, Liverpool ta ɗauki kofi, mu ma nan wanda ya same shi tun kafin azumi ya yi mana fintinkau. Daga nan kowa ya gane lamba ɗaya a layin zaɓe ba wasa ba ce. Wasu suka ce a bar wa sa'a kawai kamar da, wasu suka ce na ƙarshe a teburi ya fara ɗauka kamar yadda ake yi a gasar NFL ta Amurka, don a taimaki na ƙasa. Maganar ta yi daɗin ji, sai dai tun da aka fara raɗe-raɗinta muka ga abin mamaki a watan Afrilu, mutum na da ɗan gaba lafiyayye ya ajiye shi a benci ya saka wanda ke jinya, wai mantuwa. Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Ita ma NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, abin da ya sa take yin ƙuri'a ke nan, a 2019 ta mayar da damar ƙungiyoyi uku na ƙasa ta samun lamba ɗaya daidai wa daida, kashi 14 cikin ɗari kowacce, don kada faɗuwa da gangan ta zama sana'a.

Ga abin da muka tsayar. Huɗun ƙarshe a teburi za su shiga ƙuri'a, takarda ɗaya-ɗaya, su raba lamba 1 zuwa 4. Sauran a jera su daga ƙasa zuwa sama, zakara shi ne na 12. Wanda ya yi watsi da tim ɗinsa mako uku a jere, ko ake binsa kuɗin wata, ba ya shiga ƙuri'a. Kuma zaɓen na je-ka-dawo ne, wato na 12 shi zai sake ɗaukar na 13, shi kuwa mai lamba ɗaya sai ya zuba ido an kwashe mutum 22 kafin layi ya dawo kansa a na 24 da na 25. Don haka masu cewa an zalunci zakara su sake lissafi.

Ranar ƙuri'ar kuwa, kai jama'a! Mun yi ta a gidan kallon unguwa kafin a buɗe Firimiya ranar 15 ga Agusta, mai gidan ya ba mu wuri kyauta mu dai muka sayi man janareta, Allah ya saka masa da alheri. Aka naɗe takardu aka zuba a hular shugaba, aka kira wani yaro mai sayar da rake a bakin ƙofa wanda bai san kowa a cikinmu ba ya zaro. Da ya ɗago ta farko wurin ya yi tsit, ma'aji har ya miƙe tsaye, ana karanta suna ihu ya tashi har masu shayi suka leƙo. Zagaye 15 muka yi, gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, 'yan wasa 180 ke nan kuma ba a yi faɗa ko sau ɗaya ba, ga tsire ga zoɓo mai sanyi. Mai lamba ɗaya bai yi wata-wata ba ya ce Salah, na biyu ya ɗauki Haaland yana murmushi, yanzu ku duba teburi ku ga wa ke dariya. Akwai kuma wanda ya ɗauki Isak lokacin yana rigima da Newcastle, muka ce Alhaji a yi hattara, ya ce ya ga abin da ba mu gani ba, har yau muna jira mu gani.

Abin haushin, mutum biyu ba su zo ba ba su kuma aiko da uzuri ba, dole aka cike musu tim, washegari su ne da dogon saƙon murya wai dokar ba adalci. Watanni ana tattauna ta ba ku ce uffan ba, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Mai gyara ya kawo a rubuce a taron Mayu, kafin a rufe kaka.

Tunatarwa, gasar cin kofin Afirka za ta fara a Maroko ranar 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026, masu Salah da Mbeumo da Iwobi ku nemi madadi tun yanzu, kada wani ya zo ya ce a ba shi alfarma a layin musanya, na ƙasa a teburi ne ke fara ɗauka kuma ba za a canja ba.

Masu bashi ku biya kafin ƙarshen Janairu, bayan nan zan liƙa sunaye a guruf. Kuma kujerar sakatare a buɗe take a zaɓe mai zuwa, duk mai so ya sanar da shugaba, ni dai na ɗanɗana.

Sakataren ƙungiya