Shari'ar inshorar Katrina da sakin layin da ba a karantawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan rigimar inshorar da ta biyo bayan guguwar Katrina a Amurka. A watan Agustan 2005 katangun da ke tare ruwa a New Orleans suka ɓalle, wajen kashi 80 cikin 100 na birnin ruwa ya shanye shi. Mutane suka ɗauko takardun inshorar gidajensu suka je neman diyya, kamfanoni suka ce ai ku duba da kyau, akwai inda aka rubuta ba ma biyan ɓarnar ambaliya.

Sai aka tafi kotun tarayya. Hujjar masu gidaje kuma ba ta banza ba ce, cewa suka yi wannan ruwan ba shi ya kawo kansa ba, sakacin waɗanda suka gina katangun ne, kuma takardar ba ta fayyace ko har da ambaliyar da ɗan Adam ya jawo ake nufi ba, ga shi ƙa'idar kotunan can in magana ta yi harshen damo a takardar inshora to kamfanin da ya rubuta shi zai kwana a ciki. A 2006 alƙali Stanwood Duval ya yarda da su a kan yawancin kamfanonin, ban da State Farm, don su nasu lauyoyin sun toshe ƙofar tun farko, sun rubuta ko mene ne sanadin ruwan ba ruwansu. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta ce ambaliya ambaliya ce ko wa ya jawo ta. Kotun Ƙoli kuwa a 2008 ko sauraro ta ƙi.

Ni fa gaskiya ban cika ganin laifin alƙalan ba, abin da ke rubuce suka karanta. Inda abin ke ban haushi wajen sayarwa ne. Tun 1968 gwamnatin tarayyar Amurka ke da nata shirin inshorar ambaliya daban, sai ka saya daban, amma mutum nawa ne aka zaunar aka ce masa malam wannan da kake biya duk shekara bai haɗa da ruwa ba fa? An dai karɓi kuɗi, an miƙa masa shafuka rututu da ƙananan haruffa.

Kamata ya yi doka ta tilasta abin da ba za a biya ba ya zo a shafin farko da manyan baƙaƙe, wakilin kamfani ya karanta wa mai saye da baki, sannan a sa hannu.

Na gode,
Wani mai karatunku.