Baba, na ƙi sa hannu

Zuwa ga Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, kuma ƙafar Mama ta yi sauƙi. Ni ma ina nan ƙalau a Edinbora ta Birtaniya, sai dai sanyi da duhu. A wannan wata na Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi.

Na zaɓi rubutu ne a kan kira, domin da zarar na ji muryar Mama sai bakina ya ce komai lafiya lau. Sau uku ke nan ina yin haka, Allah ya gafarta mini. Maganar ita ce, an sallame ni daga aiki. Yau kwana goma sha biyu.

Kun san aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi. Akwai wata tsohuwa da mantuwa ta ci ƙarfinta, ba ta iya ko motsawa a gado. Irinsu dole a riƙa juya su bayan kowace awa biyu, in ba haka ba fata ta mutu ta zama gyambo. A ƙofar ɗakinta akwai takarda mai gida-gida. Duk wanda ya juya ta sai ya rubuta lokaci ya sa hannu. To, mun yi makonni mu biyu kacal ke riƙe da hawa guda cikin dare. Kana wanke wannan, ƙararrawar wancan na kuka. An yi darare da ban kai gare ta ba sai bayan awa biyar. Na bar gidajen takardar babu komai, na kuma faɗa wa na sama da ni, ba sau ɗaya ba. Gyambo ya fito mata a ƙugu, 'yarta ta gani ta kai ƙara, aka ce masu bincike na hukuma suna tafe.

Ran nan da safe, ina shirin tashi, shugabar wurin ta kira ni ofis. Ta ba ni shayi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta shimfiɗa takardun a gabana, ta ɗora biro a kai, ta ce in cike guraben nan da na "manta". Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai tuna mini, cikin murmushi, cewa su ne suka tsaya mini na sami biza.

Kada ku ɗauka 'yarku jaruma ce. Na ɗauki biron. Har na rubuta harafin farko na sunana a gurbi ɗaya. Ina kallon harafin sai na tuna hannun tsohuwar nan, yadda take damƙe mini yatsa idan ina juya ta, ba ta san sunana ba, ba ta ma san nata ba. Ita ba za ta taɓa iya cewa ƙarya aka yi mata ba. Shaidarta ɗaya a duniya ita ce takardar nan. Kuma Baba, ku ne kuka sa muka haddace Dokoki Goma tun muna ƙanana, har da ta tara, wadda ta hana shaidar zur. Na soke harafin, na ajiye biro, na ce ba zan iya ba, ni Kirista ce, abin da ban yi ba ba zan rubuta na yi ba. Muryata na rawa kamar ta mai zazzaɓi.

Ba a kore ni nan take ba, sun fi haka wayo. Aka rage mini kwanakin aiki, aka shiga neman laifina a ƙananan abubuwa, sai ga takardar sallama.

Ga inda gizo ke saƙa. Bizar da nake da ita a ɗaure take da wanda ya ɗauke ni aiki. Idan aikin ya ƙare, sai su sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, ita kuma takan ba mutum kwana 60 daga ranar da ta aiko masa da wasiƙa: ko ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa, ko ya tattara ya bar ƙasar. Wasiƙar ba ta iso ba tukuna. Kullum da safe ina duba imel gabana na faɗuwa.

Abin da ya fi yi mini zafi ba na shugabar ba ne. Wata abokiyar aikina ce, wadda muke sujada a coci ɗaya, ta ja ni gefe ta ce, "Ke, in kin je gari kin tarar kowa da jela, ke ma nemi taki ki ɗaura. Allah ya san zuciyarki." Ban ga laifinta sosai ba, tana da yara uku a wuyanta. Amma maganarta ta hana ni barci, don ni ma ina da ku. Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Baba, tana hudawa. Na ji ta.

Akwai wani tsohon ginin coci a unguwar Morningside, a mahaɗar da suke kira Holy Corner saboda yawan majami'un da ke kewaye da ita. Yanzu cibiya ce mai ɗauke da sunan Eric Liddell, kuma cikin ayyukanta har da kula da masu ciwon mantuwa. Fastonmu ya sha ba da labarinsa a wa'azi: ɗan tseren da ya ƙi shiga gudun mita 100 a wasannin Olamfik na Paris a 1924 don an sa zagayen farko ranar Lahadi, ya koma mita 400, ya ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6. A nan ake tsayawa, jama'a su ce Amin. Ni kuwa sauran labarin ne ya kama ni. A 1925 ya bar suna da tafi ya koma ƙasar Sin, inda aka haife shi, yana koyarwa yana aikin bishara. Da yaƙi ya matso a 1941, ya tura matarsa mai juna biyu da 'ya'yansu mata biyu Kanada, shi ya tsaya. Sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien, a can ya rasu a Fabrairun 1945, yana da shekara 43. 'Yarsa ta uku bai taɓa ganin ta ba. Sai na riƙa tunanin matar nan da yaran. Shi ya zaɓa, amma da su aka biya.

Shi ya sa nake rubuto muku. Ni na ajiye biron, amma kuɗin makarantar Auta ne zai makara, maganin Mama ne zai yi wuya, bashin da Kawu ya ba mu na tafiyata ne zai ƙara jira. Ban shawarce ku ba kafin in jawo muku wannan. Ku yafe mini. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, ko gobe aka sake shimfiɗa mini takardun nan, amsata ɗaya ce. Ina ta karanta Littafin Daniyel sura 3, inda samarin nan uku suka gaya wa Sarki Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunkin ba. Da can ƙarshen labarin nake so, inda suka fito ko ƙaurin wuta babu a jikinsu. Yanzu aya ta 18 ce ta riƙe ni, domin lokacin da suka faɗe ta ba su san ƙarshen ba.

Ba zaune nake ba. Na je Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta, suka ce akwai dokar 1998 mai kare ma'aikacin da ya fallasa irin wannan abu, suna taya ni duba ko zan kai ƙara. Na kuma rubuta wa masu binciken abin da na sani, har da nawa sakacin. Tun Yulin 2025 aka daina ɗauko sababbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje, don haka mu da muke ciki muna da ɗan sarari. Na aika takardun neman aiki wurare bakwai, ɗaya ya kira ni ganawa ranar Alhamis. Wata dattijuwa a cocinmu ta ce in kuɗin haya ya gagara, ɗakin ɗanta yana nan babu kowa.

Ku roƙar mini Kawu ya ƙara haƙuri zuwa Ista. Auta kuma kada a gaya masa komai sai ya gama jarrabawa. Mama, in kin gama kukan, ki kira ni ranar Lahadi bayan sujada, wannan karon ba zan ce miki lafiya lau ba. Ku sa ni cikin addu'ar safe, ku sa tsohuwar nan ma. An ce an mayar da ita asibiti.

Ina gaida Yaya da iyalinsa da kowa da kowa.

Taku har kullum,
'Yarku