Wasiƙa daga Agege kan lissafin Usmanu

Agege, Legas.

Aminina Malam Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Mu nan damina ta sako mu gaba, hanyar Oshodi kullum a cushe, amma alhamdu lillahi.

Na ga tambayar da ka ce ta hana ɗanmu Usmanu barci: ƙofa mai kilo 12, faɗinta mita 1, an jefa mata curin laka mai kilo 1 da gudun mita 10 a daƙiƙa, ya manne a bakinta. Da wane sauri za ta buɗe? Yaron ya bi ta hanyar makamashi, shi ya sa amsa ta ƙi fitowa. Duk abin da ya buga ya manne, makamashin motsinsa ba ya fita yadda ya shiga. Wani ya zama zafi, wani ya zama ƙara, wani ya tafi wajen lotsa lakar. Ƙarfin tafiyar miƙe ma, wato nauyi sau gudu, ba zai fishshe shi ba, don ƙarfen da ke riƙe da ƙofar a bango yana tunkuɗa ta daidai lokacin bugun. In ya lissafa zai ga ƙarfin tafiyar da yake 10 kafin bugun ya koma 14 bayansa.

Abin da ba ya canzawa shi ne ƙarfin juyi, muddin daga wurin ƙarfen nan aka auna shi, domin tunkuɗar da ta faɗa a kan gindin juyawa ba ta iya murɗa komai. Lakar ta zo da ƙarfin juyi na nauyinta sau gudunta sau nisanta daga ƙarfen, 1 sau 10 sau 1, wato 10. Nauyin juyin ƙofar, wato yadda take da wuyar juyawa, sulusin nauyinta ne sau faɗinta sau faɗinta, wato 4, lakar da ke baki ta ƙara 1, ya zama 5. Raba 10 gida 5, ka sami radiyan 2 a daƙiƙa (radiyan ma'aunin kusurwa ne), bakin ƙofar yana tafiyar mita 2 a daƙiƙa ke nan. Makamashi kuwa, a ma'auninsa na jul, 50 ya shiga, 10 kacal ya rage a motsi. Sauran 40 ɗin su ne suka ɓatar da shi.

Ni laifin na fi ɗora shi a kanmu malamai. Muna sa yara haddar fomula, ba ma koya musu su tsaya su tambayi kansu wanne ne ya tsira a wannan bugun, wanne ne bai tsira ba. Ɗalibaina nakan tura su wajen makanikai su kalli faifan kuloci, ga su nan jibge a kasuwar Ladipo. Faifai mai juyi 100 a minti, ka manna masa irinsa da ke tsaye, ba inji ba burki, dukansu za su koma 50, rabin makamashin kuma ya zama zafi wajen gogayya. Ƙaurin da kake ji in direban danfo ya daɗe yana rabin kuloci a cunkoso, irin zafin nan ne.

Har tekun Legas yana cikin maganar, ko da yake shi ba karo ba ne. Cika da janyewar ruwan da wata ke jawowa suna rage wa duniya saurin juyawa kaɗan-kaɗan, ƙarfin juyin da ta rasa kuma yana komawa ga zagayen wata, sai ya riƙa nisa da mu wajen santimita 3.8 a shekara. Da madubin da 'yan sama jannatin kumbon Apollo 11 suka ajiye a kan wata a 1969, da waɗanda aka kai bayansa, ake auna hakan.

Ka ce wa Usmanu ya sake lissafin, amma lakar ta manne a tsakiyar ƙofa, ya turo mini ta WhatsApp kafin Juma'a. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Garba