Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnar Tokyo, Yuriko Koike: kar a rushe filin Jingu

Ranki ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri.

Kan filin besbol na Meiji Jingu nake rubuto miki. Tun 1926 filin nan yake tsaye, a cikinsa shahararren ɗan wasan besbol Babe Ruth ya buga wasa a 1934 da 'yan wasan Amurka suka zo Japan, kuma filayen da ya taɓa bugawa da suka rage yau 'yan kaɗan ne. Amurkawa sun riƙe filayensu na besbol, Fenway na 1912 da Wrigley na 1914, suna gyarawa suna lallaɓawa, filin Koshien na Japan na 1924 ma gyara shi aka yi. To shi Jingu laifin me ya yi da sai dai rusau?

A Fabrairun 2023 gwamnatinki ta amince da tsarin su kamfanin gine-gine na Mitsui Fudosan, a rushe filin, a rushe na rugby da ke kusa, su yi musayar wuri, a kafa dogayen benaye. Na sha jin ana cewa ai fili na masu shi ne, ba na gwamnati ba. Haba ranki ya daɗe, wa ya ba da izinin? Kuma harabar Gaien ɗin nan, inda filin yake, da gudummawar jama'a da aikin gayya aka gina ta, bishiyoyin ma kyauta mutane suka kawo.

Ke ce fa ministar muhalli a da, ke kika kafa jam'iyya da sunan sa mutanen Tokyo a gaba. To ga mutanen, sama da 200,000 sun sa hannu a takardar koke, ICOMOS, ƙungiyar kare wuraren tarihi ta duniya, ta yi gargaɗi a Satumbar 2023, duk da haka a Oktobar 2024 aka fara sare bishiyoyi. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Don Allah ki je wasan Yakult Swallows, ƙungiyar da Jingu ne gidanta, da dare ko sau ɗaya, ki ga yadda tsofaffi da jikokinsu ke ɗaga ƙananan lemomi suna waƙa in an ci maki, ki ga ɗaliban jami'o'i shida da gasarsu take nan tun kakanninsu. Ga kuma layin bishiyoyin ginkgo da sabon filin zai matse...

Har yanzu filin yana tsaye. Ki dakatar da rusau ɗin, ki kira kamfanonin da mazauna unguwar ku zauna, a fito da tsarin gyara Jingu a inda yake.

Daga wani mai kishin filin Jingu